Sankarar Mama da Ta Bazu: Wace Irin Rayuwa Sabbin Magunguna Ke Bai wa Matan Mayahi?

Sankarar mama ita ce cutar dajin da ta fi kama mata a Nijar, haka ma a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an gano ta a jikin mata miliyan 2.3, wasu 670,000 kuma suka rasu. Inda muka sha bamban da ƙasashe masu hali shi ne lokacin zuwa asibiti. Mace a Kanan Bakashe ko Maijirgi takan ji ƙullutu a mama ta ce ai nono ne ya daskare. A bi ta wurin wanzami, a yi sakiya, a shafa wannan, a jiƙa wancan. Kafin a kai ga asibitin gundumar Mayahi ko na Tasawa an ci watanni, wani lokaci cutar ta riga ta ratsa ƙashi ko huhu ko hanta. Wannan shi ne mataki na 4, kuma likita mai gaskiya ba ya yi wa mai shi alkawarin warkewa. Sai dai sallamar da akan yi a da, ta "ku koma gida, babu sauran abin yi", ta daina zama dole, domin yanzu akwai magungunan da kan danne cutar na tsawon shekaru. Abin tambaya shi ne a wane hali mace za ta ci waɗannan shekaru.

Yadda magani mai saiti yake aiki

Kemo, wanda a asibitocin Nijar aka fi sani da shimiyo, yana afka wa duk ƙwayar halittar da ke saurin hayayyafa. Shi ya sa gashi ke zubewa, baki ya yi gyambo, jini ya ragu. Kamar manomi ne ya sa wa gona wuta don ya kashe ƙuduji, hatsi ma ya sha zafi. Magani mai saiti kuwa ya san kamannin ƙudujin, shi yake bi yana tugewa. Yana neman wata alama ta musamman a jikin ƙwayar sankarar, ya toshe hanyar da take samun umarnin girma.

Ta wannan fuska sankarar mama kashi uku ce. Kusan 70 cikin 100 a duniya suna rayuwa ne da sinadarin mata da ake kira estrojin. Irin wannan ana yanke mata abinci da ƙwayoyi kamar tamoksifen da letrozol, daga 2015 kuma aka fara haɗa su da wasu sabbin ƙwayoyi, palbosiklib da 'yan uwansa ribosiklib da abemasiklib, waɗanda ke taka wa rabuwar ƙwayar cutar birki. Kashi na biyu, 15 zuwa 20 cikin 100, suna ɗauke da wani furotin mai suna HER2 fiye da kima. A 1987 Dokta Dennis Slamon na Amurka ya nuna cewa wannan nau'in ya fi saurin kisa, a 1998 kuma aka amince da trastuzumab, wanda aka fara sayarwa da sunan Herceptin, don maganinsa. Kashi na uku ba su da ko ɗaya daga alamomin nan. An fi samunsu a matan Afirka ta Yamma fiye da na Turai, kuma har yau kemo ne babban makaminsu.

Saboda haka babu saiti sai da gwaji. Dole a ɗebi ɗan nama daga ƙarin, a kai ɗakin bincike na babban birni, a tantance ko wane kashi ne. Wadda aka ɗora wa tamoksifen ba tare da gwajin ba, alhali sankararta ba ta cin estrojin, ta sha wahalar maganin a banza, cutar kuma tana ta tafiya.

Amfanin da aka gani ba kaɗan ba ne. A binciken CLEOPATRA da aka wallafa a 2015, rabin masu nau'in HER2 da aka haɗa wa trastuzumab da ɗan uwansa pertuzumab da kemo sun haura wata 56 a raye, waɗanda ba a ba pertuzumab ba kuwa rabinsu sun kai kimanin wata 41. A binciken MONALEESA-2 na 2022, ƙara ribosiklib a kan letrozol ya ɗaga wannan ma'auni daga wata 51 zuwa kusan 64. A gefe guda, binciken ABC-DO da aka yi a ƙasashen Afirka biyar ya nuna a 2020 cewa a asibitocin Najeriya da aka bi, 36 cikin 100 kaɗai na masu sankarar mama, kowane mataki, suka kai shekara uku.

Yinin mace a Gulbin Kaba

Da yake maganin mataki na 4 ba shi da ranar gamawa, ana shansa ne muddin yana aiki kuma jiki na ɗauka, likitoci sun gane cewa hoton ƙari bai isa ma'auni ba. Tun 1993 ƙungiyar binciken sankara ta Turai, EORTC, ta fitar da takarda mai tambayoyi 30 da maras lafiya ke amsawa da kanta: gajiya, barci, cin abinci, ciwo, damuwa, har da matsin kuɗi. Da irinta aka gano a binciken PALOMA-3 cewa palbosiklib ya jinkirta tsanantar ciwo daga ƙasa da wata 3 zuwa wata 8.

Waccan takarda tana tambayar ko mace na iya ɗaukar jaka mai nauyi ko yin doguwar tafiya. A Mayahi yinin mace surfe ne da daka, jan guga a rijiya mai zurfi, goyo, da saƙar kaba. A ƙauyukan Gulbin Kaba tabarma da igiya su ne kuɗin gishiri da sabulu da zubin adashe, kuma aiki ne na kan yatsu: a tsaga ganyen da farce, a jiƙa, a yi ta kitsawa. Kemon da akan haɗa da trastuzumab a farko yakan bar yatsu da ƙafafu da mutuwar jiki da tsikari. Kapesitabin, ƙwayar kemo da ake haɗawa da wasu magungunan HER2, tana sa tafin hannu da na ƙafa su yi ja, su yi zafi, su tsage. Letrozol yana kawo ciwon gaɓoɓi da sandarewa da safe, har ruku'u da sujada su zama aiki. A takardar asibiti waɗannan duk ƙananan illoli ne. Ga masaƙiyar tabarma kuwa sana'arta ce ta tsaya.

Kowane magani da inda yake taɓawa. Abemasiklib yana sa zawo, abin da a bazarar da zafi ke haura digiri 40 kan ƙarar da ruwan jiki cikin yini guda. Palbosiklib ana shansa kwana 21 a huta 7, yana rage fararen ƙwayoyin jini, don haka ana gwajin jini kowane mako biyu a watanni biyun farko, daga nan wata-wata. Da damina kowane zazzaɓi a wurinmu na cizon sauro ne, sai a sayi magani a tebur. Mai shan wannan ƙwaya idan zafin jikinta ya kai digiri 38, gwajin jini take bukata a ranar. Trastuzumab ba ya zubar da gashi, amma yakan raunana zuciya, shi ya sa ake ɗaukar hotonta kafin a fara da kuma kusan kowane wata uku. Wannan ya fi shafarmu, domin ƙasar Hausa na cikin wuraren da ciwon zuciya na bayan haihuwa ya fi yawa a duniya, kamar yadda likitoci suka rubuta a Zariya tun shekarun 1970. Kumburin ƙafa ko haki bayan ɗan aiki ba abin ɓoyewa ba ne.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a gaban surukai. Da yawa daga masu cutar a yankinmu ba su daina haila ba, wasu ma suna shayarwa. Magungunan nan suna cutar da ɗan tayi, don haka dole a yaye, a kuma hana ɗaukar ciki. Idan aka dakatar da aikin ƙwan mace don yanke estrojin, zafi yakan taso mata da zufa cikin dare, gaba ya bushe, kwanciya da miji ta zama azaba. A gidan da ake auna darajar mace da haihuwa, ga kuma kishiya, wannan na iya fin ciwon ƙashi nauyi. Mijin da likita bai zaunar ya yi wa bayani ba zai fassara shi da ƙiyayya.

Dauriya tana da tsada

An tarbiyyantar da 'ya mace a kan kunya da haƙuri. A ce mata "ya jiki?" ta ce "da sauƙi", ko da kwana ta yi a zaune. Wannan ɗabi'a abar yabo ce a zaman duniya, amma a jinyar sankara tana jawo asara. A asibitin Memorial Sloan Kettering da ke New York an raba masu sankarar da ta bazu su 766 gida biyu. Kashi ɗaya suna ba da rahoton alamomi 12 da kansu ta kwamfuta, da zarar abu ya tsananta ma'aikaciyar jinya ta samu saƙo ta ɗauki mataki. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna sun fi jin daɗin jikinsu, sun rage zuwa ɗakin gaggawa, sun kuma fi ɗaya kashin tsawon rai da wata biyar, 31 a kan 26. Magungunan iri ɗaya ne. Bambancin shi ne an ji kukansu da wuri, aka rage awo ko aka tsayar da zawo kafin ya kayar da su.

Darasin bai bukatar kwamfuta. Salula ta isa, in akwai lambar da za a kira da mai ɗauka. Kuma tambayar ta zama mai kama hannu: "Inna, jiya kin yi barci? Sau nawa kika zaga? Kin iya ɗaura zane da kanki? Salla a tsaye kika yi ko a zaune?" Irin wannan ba a amsa ta da "da sauƙi".

Hanya da aljihu

Tun 2007 gwamnatin Nijar ta ayyana kula da sankarar mata kyauta. A 2021 Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa da ke Yamai ta samu na'urar gashin sankara ta farko a ƙasar, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Ci gaba ne na gaske, musamman ga ciwon ƙashi, wanda sau da yawa gashi ɗaya kan lafar da shi. Amma daga Mayahi zuwa Yamai ya haura kilomita 700, kuma dokar kyauta ba ta biyan kuɗin mota, masauki, abincin mai jinya, ko ranar noman da aka rasa. Trastuzumab kowane mako uku ake ba da shi, a firji ake ajiye shi. Mai ciwon ƙashin baya da za ta kwana biyu a hanya kowane mako uku, rabin sauƙin da maganin ya kawo mota ta cinye.

Ga tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa trastuzumab cikin jerin muhimman magunguna a 2015. A Disambar 2019, da ta amince da kwatankwacinsa na farko, ta ce na asalin yakan ci kimanin dalar Amurka 20,000, wato sama da sefa miliyan 11, kwatankwacin kuma ya fi araha da kusan 65 cikin 100. Ko hakan ya fi ƙarfin rumbu da garken talaka. Abin da ke faruwa sananne ne: a sayar da awaki, a jinginar da gona, a yi allura biyu ko uku, kuɗi ya ƙare. Gida ya talauce, cutar kuma ta dawo. Kafin a saki akuya ta farko, haƙƙin iyali ne likita ya faɗa musu gaskiyar kuɗin shekara, ba na allura ɗaya ba.

Abin da za a iya kawowa kusa

Mafi yawan abin da ke gyara yinin mai wannan cuta ba shi da tsada. Tamoksifen da letrozol ƙwayoyi ne masu araha da ba sa son firji. Da zarar ƙwararre ya tsara magani, asibitin gunduma na iya bin maras lafiya da gwajin jini da awo, a rage mata zirga-zirga. Ƙarin da ya fashe yana wari shi ke sa mace ta ƙaurace wa taron suna da biki, ta koma cin abinci ita kaɗai. Wanke shi da ruwan gishiri mai tsabta da barbaɗa garin metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, yakan kashe warin cikin 'yan kwanaki.

Sai ciwo. Mofin, maganin kashe zafin ciwo mai tsanani, na cikin magunguna mafi araha, amma wani kwamitin mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko 1 cikin 100 na irin waɗannan magunguna da ake rarrabawa. Yuganda ta nuna hanya: Dokta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa Uganda a 1993 tana haɗa mofin na ruwa mai sauƙin kuɗi, a 2004 kuma aka ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, ya kai har ƙauye. Fara shansa ba alamar ajali ya zo ba ne, ana haɗa shi da maganin sankarar tun farko.

Malamai ma suna da rawa a nan. Addini ya sauƙaƙa wa maras lafiya azumi da salla a zaune da taimama, amma mata da yawa ba za su karɓi sauƙin ba sai sun ji daga bakin limamin garinsu. Mai shan saiwa ko jiƙo kuma ta faɗa wa likita ba tare da tsoron faɗa ba, domin wasu tsirrai kan canza ƙarfin waɗannan ƙwayoyi a hanta.

Duk iyalin da aka ce 'yarsu ko uwarsu za ta fara irin wannan magani, su riƙe tambayoyi huɗu kafin su bar gaban likita: an gwada wane nau'in sankara ce? Wace illa za mu sa wa ido, wacce ce ta gaggawa? Wa za mu kira idan ta taso cikin dare? Me za a iya yi mata a Mayahi ko Tasawa ba sai an je Yamai ba? Hukumomin lafiya na jihar Maraɗi kuma su ne ke da alhakin samar da amsar biyun ƙarshe.