Ilmin Da Ba Ya Cikin Takardar Jarrabawa

A watan Satumba, in ka je tashar mota a Jos ko Mangu ko Pankshin, za ka ga yara da akwatuna, da bokiti, da tsintsiya, da ƙunshin garin rogo da ƙuli-ƙuli. Uwa tana jan kunne, uba yana ƙirga kuɗin mota. Da mota ta tashi, shi ke nan sai hutun Kirsimati. Iyaye da yawa ba su ganin kome daga makaranta sai takardar sakamako da takardar biyan kuɗi. Amma yaron nan zai yi wajen wata tara a can kowace shekara. Wa yake renonsa? Me yake gani, me yake ji? A wannan wata muna so mu shiga tare da ku ta ƙofar makarantar sakandare ta Kirista, mu duba.

Tushen abin

Bari mu ɗauki Gindiri, a ƙasar Mangu ta Jihar Filato, don misali. A 1904 Dokta Karl Kumm da abokansa na mishan ɗin S.U.M. suka sauka a Wase. A 1934 mishan ɗin ya buɗe wurin horar da masu bishara da malamai a Gindiri. Aka kafa sakandaren samari a 1950, makarantar makafi a 1953, sakandaren 'yan mata kuma a 1958. Yau ekklesiyar COCIN ce ta gaji aikin.

Yara suka taru daga ƙabilu dabam dabam, Ngas, Mwaghavul, Birom, Tarok, Jukun da sauransu. A gida wani bai taɓa cin abinci da wani ba. A makaranta kuwa ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya, ɗakin sujada ɗaya. A Gindiri ne kuma aka fara Zumuntar Ɗalibai Kirista, wato F.C.S., a 1957, ta bazu zuwa makarantu ko'ina a Arewa. Solomon Lar, wanda ya zama gwamnan farar hula na farko a Filato a 1979, ya yi karatun malanta a nan.

Daga ƙararrawa zuwa ƙararrawa

A irin waɗannan makarantu ƙararrawa ce sarki. Tun da sauran duhu takan tashe yara, ko da sanyin hunturu yana ratsa ƙashi. Sai addu'a, sai shara da ɗiban ruwa, sai wanka, sai kunu. Bayan an tashi daga aji akwai wasan ƙwallo, ko yankan ciyawa, ko aiki a gonar makaranta. Da dare akwai karatu a aji har a buga ƙararrawar barci. Ran Asabar wanki da duba tsabtar ɗakuna, ran Lahadi sujada da waƙa.

Waɗansu iyaye sukan yi gunaguni, su ce, ai karatu muka tura shi, ba noma ba. To, mu tuna, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarinyar da ta saba raba tuwo ga mutum goma a tebur ba tare da ta ƙware kowa ba, ta koyi adalci. Yaron da aka ba makullin ɗakin ajiya ya riƙe shekara guda ba abin da ya ɓace, ya koyi amana. Ba a ba da maki a kan waɗannan, amma su ne maƙwabta za su gani bayan shekara ashirin.

Ba mu ce kome lafiya yake ba. Akwai manyan ɗalibai masu zaluntar ƙanana, su ƙwace musu gari da sabulu, su sa su wanki. Wannan ba horo ba ne, mugunta ce, bai kuwa kamata a same ta inda ake kiran sunan Almasihu ba. In ɗanku ya dawo hutu ya rame, ya yi shiru, ku tambaye shi a hankali.

Malamai da ma'aikata

Malamin makarantar kwana ba ya tashi aiki da ƙarfe biyu. Da tsakar dare in zazzaɓi ya kama yaro, ƙofarsa za a buga. Ban da shi akwai mai kula da ɗakin 'yan mata, da masu dafa abinci waɗanda suke hura wuta kafin kowa ya farka, da mai ba da magani, da maigadi, da direba. Yawancinsu albashinsu kaɗan ne, daga kuɗin makaranta kuma yake fitowa. Uban da ya jinkirta biya har ƙarshen zango, alhali yana da hali, tukunyar malamin ɗansa ya hana ɗorawa.

Tafiya mabuɗin ilmi

Ranar da yara ba su mantawa ita ce ranar yawon buɗe ido. Daga ƙasar Mangu zuwa Jos ta Barikin Ladi, yaro zai ga tsofaffin ramukan kuza cike da ruwa, malami ya gaya masa yadda aka haƙa su da abin da suka bar wa manoma. A gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, zai ga kawunan yumɓu na Nok, waɗanda mutanen ƙasarmu suka gina fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A Vom akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi tun 1924, inda ake yin allurar rigakafi ta shanu da kaji. Kusa da gida akwai gonar kifi ta Panyam. Masu hali sukan kai har Yankari a Jihar Bauchi, su ga giwaye, su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Gandun namun daji na Jos kuwa an kafa shi a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, tsohon ɗalibin sakandaren Gindiri, wanda ya karanta ilmin dabbobi a Jami'ar Ibadan. Gani ya kori ji.

Mu ma mun tuna wata tafiya da muka yi muna yara a wata makarantar mishan. A hanyar dawowa taya ta fashe, ashe direba bai ɗauko ta canji ba. Dare ya yi mana a daji. Malaminmu ya zaunar da mu nesa da titi, ya ƙirga mu, ya raba burodin da ya rage, shi bai ci ba. Ya tuɓe rigar sanyinsa ya rufa wa ƙaramin cikinmu. Abin da muka gani a gidan tarihi ran nan mun manta rabinsa, wannan kuwa ba mu manta ba.

Kada mu bari ta mutu

Yau wannan al'ada tana cikin hatsari. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya hau ƙwarai. A shekarar nan kuma ƙasashen Mangu, Bokkos da Barikin Ladi suka sha hare-hare, aka yi hasarar rayuka masu yawa. Uwar da ta ce ɗanta ba zai shiga mota ba, ba za mu ga laifinta ba. Amma in muka kulle yara a cikin shinge shekara shida, za su fito ba su san ƙasarsu ba, ba su san maƙwabtansu ba, sai abin da tsoro ya gaya musu.

Shawararmu ga shugabannin makarantu ita ce, a gajarta tafiya, kada a soke ta. A bincika lafiyar hanya kafin ranar, a duba mota da tayar canji, a nemi yardar iyaye a rubuce, a tashi da safe a dawo kafin la'asar. Asibiti, ko kotu, ko gonar dankali, ko makarantar makafi, duka wuraren koyo ne, ba su kuwa da nisa.

Ku kuma iyaye, ku je ranar ziyara, ko da ƙunshin gyaɗa kaɗai ne a hannunku. Ku san malamin ɗanku da sunansa, ku gode masa. In yaro ya dawo, kada ku tsaya ga tambayar na nawa ya zo. Ku tambaye shi wa yake kwana kusa da shi, me ya gani a tafiya, me ya koya a sujada. A addu'ar iyali kuma ku riƙa tunawa da malamai, da masu dafa abinci, da direba. Ubangiji ya kiyaye fitar 'ya'yanmu da shigarsu. Amin.