Injin ban ruwa ya ƙi tashi? Abin da za ka duba kafin ka kira bakanike

Da zarar damina ta ɗauke, manoman rani daga Warwade zuwa fadamun Kiyawa, Jahun da Miga sukan fito da injinansu daga ɗaki, a kai gona a ja igiya har kafaɗa ta gaji, shiru. Ga dashen tumatir ko alkama na jiran ruwa, kuma a ƙasa mai yashi irin tamu, kwana biyu zuwa uku ba ruwa ya isa sabon dashe ya kwanta. Yawancin injinan nan masu inci 2 da inci 3 ƙirar Honda GX160 ne ko kwaikwayonsa na China, kuma abu uku suke nema su tashi: mai, wuta da iska. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Makunni yana kan ON? Ka buɗe famfon mai? Da sanyin safiya na hunturu sai ka rufe cok, in ya tashi ka buɗe shi a hankali.

Sai mai, kuma a nan matsalar ta fi yawa. Fetur ɗin da ya kwana wata biyar ko shida a kafireta yakan bushe, ya bar danƙo mai toshe ƙaramin ramin da mai ke bi. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, kowa na ƙyashin zubar da tsohon mai, amma rabin lita ba ta kai kuɗin bakanike da na babur ɗin da zai kawo shi ba. A ƙasan kafireta akwai ɗan kusa. Kwance shi ka tari abin da ya fito a kwalba mai haske. In ka ga ruwa ya kwanta a ƙasa, ko man ya yi ja yana wari, juye tankin gaba ɗaya. Ka kwance ɗan kofin da ke ƙarƙashin famfon mai ka wanke. In dole ta sa ka sayi man bumburutu, tace shi da ƙyalle mai tsabta. Don Allah kada ka zura waya ko ƙusa a ramin nan: yana faɗi, injin zai riƙa shan mai kamar raƙumi.

In mai na zuwa, cire filogi. In ya jiƙe, mai ne ya yi yawa: buɗe cok, rufe famfo, ja igiya 'yan lokuta ba filogi, ka shanya shi. In ya yi baƙi, kankare shi da buroshin waya. Tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Don gwada wuta, mayar masa da hularsa, ka jingina ƙarfensa a jikin inji nesa da ramin, wani ya ja. Shuɗin tartsatsi ake so. Ka goge duk man da ya zube tukuna. Filogi na ajiya ya kamata a ce yana aljihun kowane mai inji.

Ba wuta ko da sabon filogi? Kafin ka zargi kwayil, duba baƙin mai. Injina da dama suna da na'urar da ke yanke wuta in ya yi ƙasa, ko in an girke injin a karkace a gaɓar ruwa. Daidaita shi, cika mai har bakin rami. Kusan lita 0.6 yake ci. Wasu masu gyara kan cire wayar na'urar don injin ya tashi nan take. Ni ban goyi baya ba, ta nan ne inji ke bugawa.

Ƙurar hunturu kan toshe matatar iska. Ta soso a wanke da sabulu, ta bushe, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a matse; ta takarda kakkaɓewa kawai.

Babur ɗin da kake kai kaya kasuwar Shuwarin ma haka ake bin sa, sai dai ka ƙara da juya famfo zuwa rizab, da duba kan batir in sitata ba ta juyawa.

Wuri biyu ne zan ce ka tsaya ka nemi gwani. In igiya ta yi sakwaf ba ta da nauyi, ko bawul ne ko ringi. In kuma ta ƙi jawuwa sam, wataƙila yashi ko tsakuwa ce ta maƙale a fankar ruwa, ko injin ya kama. Ƙarfi ba zai ƙara komai ba sai ɓarna. Ƙungiyar da ke da injina da yawa, gara ta tsayar da bakanike ɗaya ya zagaya su tun watan Oktoba, kafin layi ya yi tsawo.

In ya tashi, ka tabbata ka cika cikin famfon da ruwa tun kafin ka ja igiya, don gudu a bushe na ƙona robar da ke tare ruwa. Kada kuma ka zauna tare da shi a cikin ramin rijiya yana aiki, hayaƙinsa na kisa.