Makunnin da Ke Faɗuwa Bayan Ruwan Sama

Da damina ta kankama, wani gida ya shiga halin da ya ɗaure wa kowa kai. Ana gama ruwan sama sai wutarsu ta ɗauke, alhali gidajen maƙwabta haske tar. A ɗaga makunni, ya sake faɗuwa. Idan aka yi rana kwana biyu, komai ya koma daidai.

Maigidan ya ɗora laifin a kan yawan kaya: firji, dutsen guga, hita. Mai gyaran wuta ya buɗe akwatin makunnai, ya tambaya, "Alhaji, wanne ne yake faɗuwa?" Aka nuna masa. Ƙananan da ke jere suna nan a tsaye. Wanda ke faɗuwa shi ne mai faɗin nan, mai ɗan maɓalli da harafin T.

Nan zargin farko ya rushe. Ƙananan su ne MCB, kuma yawan wutar da ke bin waya suke lura da shi. In kaya sun fi ƙarfin layi, wani siririn ƙarfe a cikinsu yana ɗaukar zafi, ya lanƙwashe, ya saki makunnin. In kuwa wayoyi biyu suka haɗu, maganaɗisu ne ke fizge shi nan take. Fis ma aikinsa ke nan, sai dai shi narkewa yake yi, sai an sa sabo. Da yawan kaya ne ko haɗuwar wayoyi ya jawo matsalar, da ƙaramin makunni ne ya faɗi.

Mai faɗin kuwa RCD ne, kuma lissafinsa daban. Wayar da ke kai wuta da wadda ke dawo da ita duka sun ratsa ta cikin zoben ƙarfe guda. Muddin abin da ya tafi shi ne ya dawo, shiru kake ji. Da zarar giɓin ya kai miliamfiya 30, sai ya yanke. MCB mai amfiya 16 ba zai ko motsa ba, don abin da yake jira ya ninka haka fiye da sau 500, alhali wannan 'yar wutar ta isa ta yi wa zuciyar mutum illa.

Ashe wuta na zurarewa ta wani wuri. Mai gyaran ya sauke ƙananan duka, ya riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Ɗakuna lafiya, kicin lafiya. Yana taɓa na layin tsakar gida, babban ya faɗi.

Suka bi wayar injin ruwa. Gab da rijiya suka tono wani haɗi da aka naɗe da salatif aka binne. Salatif ɗin ya saki, jan ƙarfen ya yi kore, ƙasar wurin jagab, daidai inda yara ke tsayawa ba takalmi suna tarar ruwa.

Maigidan, wanda da farko ya so a cire makunnin a huta, ya yi shiru. Aka sake wayar, aka sa ta cikin bututu. Mai gyaran ya danna maɓallin T don gwaji, makunnin ya faɗi kamar yadda ya kamata, sannan ya ɗaga shi.