Yadda ake markaɗen kayan marmari da blenda mai caji, da abin lura kafin a jefa ganye a ciki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙofar wata masana'anta a Sharaɗa, Chalawa ko Bompai lokacin tashi daga aiki, ya san abin da ya fi tafiya a wurin masu kula: ruwan leda da lemon kwalba mai sanyi. Ba abin mamaki ba ne, domin wani lemon ma a nan ake yin sa. Kamfanin Nigerian Bottling Company mai yin Coca-Cola yana da masana'anta a Chalawa. Sai dai a irin wannan lemo, babbar roba guda tana iya ɗaukar sukari kusan giram 50, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babban mutum shawarar kada ya wuce a yini ɗaya. Ita kuma gwamnatin Najeriya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari tun 2022.

Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙaramar blenda mai caji ta samu kasuwa a wurin matasa. A TikTok da Instagram ana ganin ta kullum: a yanka ayaba da kankana, a danna maɓalli, cikin minti ɗaya an samu markaɗen kayan marmari, wanda ake kira sumuti. Bidiyon ba ya nuna abin da ke faruwa idan aka jefa mata karas guda, kuma ba ya faɗin inda ganyen ya fito.

Ƙarfin na'urar

Blenda iri biyu ce a kasuwa. Akwai ta wutar gida, irin wadda masu fura suke damu da ita, wadda yawanci ƙarfinta yana farawa daga wat 300 zuwa sama. Mutane da yawa suna tsoron ta da sunan tana shan wuta, alhali lissafin bai nuna haka ba. Blenda mai wat 400 idan ta yi aiki na minti ɗaya, abin da ta ci shi ne 400 a raba 60, wato kusan wat-awa 6.7. Yunit ɗaya na mita wat-awa 1,000 ne, ke nan zai yi irin wannan markaɗe sau 150. Ko a farashin rukunin Band A da aka sanar a watan Afrilun 2024, naira 225 kowane yunit, kofi guda bai kai naira 2 ba. Matsalarta tana wurin tashi. A daƙiƙar farko injin yana jan wuta ninkin abin da aka rubuta a jikinsa, shi ya sa ƙaramar inbata take yin ƙara ta ɗauke, ko ƙaramin janareta ya shaƙe idan fanka da talabijin suna kai.

Ta biyu ita ce mai caji, wadda ake cajin ta da wayar USB kamar waya. A nan ne masu talla suke rikita mutane da lambar mAh. Lambar ita kaɗai ba ta faɗin komai sai an haɗa ta da bolt. Batir mai 2000mAh a kan bolt 3.7 yana riƙe da wat-awa 7.4; mai 2000mAh a kan bolt 7.4, wato batura biyu a jere, yana riƙe da 14.8, kuma yawanci injinsa ya fi ƙarfin juyawa. Don a gane ƙanƙantar abin, wayar da ke da batir 5000mAh tana riƙe da kusan wat-awa 19. Wato batirin da ke aljihun mutum ya fi na blendar tasa girma. Kafin a biya kuɗi, a juya ƙasan na'urar a karanta bolt ɗin, in rubutun ya yi ƙanana a ɗauke shi hoto a zuƙo.

Saboda wannan rashin ƙarfi, mai caji tana da nata ladabin. Ruwa ake fara zubawa, sannan abu mai laushi, mai tauri ya zo ƙarshe kuma a yanka shi ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Karas gara a goge shi da magogi. Kada a cika kofin ya wuce kashi biyu cikin uku. Idan an rufe, a kifa na'urar, a kunna, sai wuƙar ta ɗauki gudu sannan a miƙar da ita a hankali, don kayan su faɗo wa wuƙar tana cikin juyawa. Idan fitilar ta yi ta ƙifta ja ba ta tashi ba, galibi kofin ne bai zauna daidai ba, domin akwai maganaɗisun tsaro da ke hana ta aiki sai an murɗa shi har ƙarshe. Dunƙulen ƙanƙara kuwa ba nata ba ne.

Daga ina ganyen ya fito?

Miya ana tafasa ta, sumuti kuwa ɗanye ake sha. Duk abin da ke jikin ganyen, da shi za a haɗiye, kuma a Kano wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ruwan da masana'antun Bompai suke saki yana bi ta rafin Getsi ya haɗu da Jakara, wadda ita ma ta kwaso dattin cikin birni. Na Sharaɗa yana bi ta rafin Salanta, shi da na yankin Chalawa duk su ƙare a kogin Chalawa. A waɗannan yankuna akwai masana'antun jima da yawa, kuma jimar zamani da gishirin sinadarin kuromiyom ake yin ta. A bakin waɗannan rafuka akwai manoman rani da suke ban ruwa da abin da ya gangaro musu, suna noman latas, alayyafo, kabeji, karas da albasa. Shekara da shekaru masu bincike, ciki har da na Jami'ar Bayero, suna auna ruwan da ƙasar da ganyayyakin wuraren, suna samun ƙarafa masu illa irin su kuromiyom, dalma da kadmiyom. Manoman ba mugunta suke yi ba. Ruwan da ke gudana da rani ke nan a inda gonarsu take.

Abu biyu ne a nan, kuma maganinsu ya bambanta. Na farko ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki da ke manne a bayan ganye. Wannan wanki yana rage shi sosai: a ware ganyen ɗaya bayan ɗaya, a wanke da ruwa mai tsafta ana canjawa, a fere karas da kokwamba. Alayyafo kuma a tsoma shi a tafasasshen ruwa na minti ɗaya, a bari ya huce kafin a markaɗa. Na biyu shi ne ƙarafan da tsiron ya zuƙa ta saiwarsa suka shiga jikinsa. Su ba sa fita da wanki, ba sa fita da ruwan gishiri ko ruwan kal, tafasawa ma ba ta kashe su, kuma kayan ganye sun fi saurin tara su. Babu wata manhaja ko kyamarar waya da za ta gano su, ido ma ba ya gani, don wani lokaci ganyen bakin kwata ya fi kowanne kore da sheƙi.

Wannan ba yana nufin duk abin da ke kasuwar 'Yankaba daga can ya fito ba. Kaya da yawa suna zuwa ne daga Kura da Kadawa, inda ake noma da ruwan madatsar Tiga, wasu kuma daga Jos da Zariya. Abin yi shi ne a riƙe mai sayarwa ɗaya da aka yarda da shi, a riƙa tambayar sa daga ina kayan yau suka zo. Mafi sauƙi ma shi ne zogale. Gidaje da yawa suna da bishiyarsa, mutum ya san ruwan da take sha, kuma ɗan kaɗan ya isa. Ganyen da aka shuka a tsohon bokiti a tsakar gida ya fi na bidiyon kowa.

'Ya'yan itacen da ke da ɓawo sun fi sauƙin sha'ani, tunda ferewa ake yi. Amma a wanke kankana da gwanda kafin a sa wuƙa, don wuƙar ce ke shigar da dattin baya zuwa ciki. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan nunar da ayaba da mangwaro da sinadarin kabaid, irin na masu walda. Wanda zai shiga 'Yan Lemo gara ya sayi ayabar da ba ta gama nuna ba, ta ƙarasa a gida.

Haɗin kofi ɗaya

Ga haɗin da ƙaramar blenda za ta iya ɗauka: rabin kofi na kindirmo ko yogot marar sukari, ayaba ɗaya ƙarama, yanka biyu na gwanda ko kankana da aka cire wa 'ya'ya, cokali biyu na gogaggen karas, ɗan ganyen zogale kamar cikin cokali ɗaya, ɗanyar citta kaɗan, sai a matsa rabin lemon tsami. Kindirmon ya zama wanda aka tafasa madararsa. Idan ya yi kauri a ƙara ruwa. Lokacin mangwaro, wajen Afrilu da Mayu, shi sai ya maye gurbin gwanda, ya fi arha kuma ya fi zaƙi.

Inda ake ɓata abin wuri biyu ne. Wasu suna tacewa da rariya su zubar da tuƙar, alhali ita ce ke rage saurin shigar sukari cikin jini, ita ce kuma ke sa a ji an ƙoshi. Wasu kuma suna ƙara madarar gwangwani mai zaƙi, zuma da dabino biyar, sai kofin ya kamo lemon kwalbar da aka gudo daga gare shi. Dabino ɗaya ya isa, in ma ayabar ta nuna sosai ba a buƙatar sa. Ko ba a ƙara komai ba, 'ya'yan itace da nasu sukarin suke zuwa, kuma shan su a markaɗe ya fi tauna su sauri, don haka kofi ɗaya a rana ya wadatar. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na kayan marmari da na lambu kullum, sauran sai a cike da taunawa da miya. Mai ciwon suga ko ciwon ƙoda ya fara jin ta bakin likitansa, saboda sukarin da kuma sinadarin fotashiyom da ke da yawa a ayaba.

Ga mai tafiya aikin safe a masana'anta, akwai batun zafi. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, kuma markaɗen da ke da nono bai kamata ya wuce awa ɗaya a irin wannan yanayi ba tare da sanyi ba. Ko dai a sha kafin a fita, ko a zuba a filas mai riƙe sanyi. Duhun da yake yi bayan ɗan lokaci aikin iska ne a kan ayabar, lemon tsamin nan shi ke jinkirta shi. Wata dabarar ita ce a yanka ayaba da mangwaro a sa a firiza lokacin da akwai wuta, da safe a bari su ɗan saki sannan a markaɗa, sai a huta da sayen ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba.

Da an juye, a zuba ruwa rabin kofin da ɗigon sabulun wanke-wanke, a kunna na daƙiƙa 20, a ɗauraye. A ciro zoben robar da ke wuyan kofin lokaci-lokaci a wanke shi daban, domin a ƙarƙashinsa nono yake maƙalewa ya yi tsami. Gindin na'urar, inda batir da ramin caji suke, ba a tsoma shi a ruwa. Tsumma ake sa masa. Kuma kada a jona ta a caji sai ramin ya bushe sarai, kada a bar ta a rana ko a but ɗin babur, tunda batirin litiyom ne a ciki irin na waya.