Da wace tiya ake auna aikin ma'aikatan asibitin haƙori?

Duk wanda ya san kasuwa ya san ba a gane kirkin yaron shago da cinikin rana ɗaya. Mai dukiya sai ya duba ko kaya sun cika, ko bashi ya fito, ko wanda ya saya jiya ya sake dawowa yau. To haka abin yake a asibitin haƙori, na gwamnati ne ko kilinik mai zaman kansa, domin can ma akwai lissafi, kuma irin lissafin da shugaban wurin ya zaɓa shi ke nuna ko haƙorinki zai tsira ko za a cire shi.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Rahoton da hukumar lafiya ta duniya OMS ta fitar a shekarar 2022 ya nuna kusan mutum miliyar 3 da rabi ke fama da cututtukan baki da haƙori, alhali a Afirka likitocin haƙori ba su kai ko ɗaya ga mutum 10.000 ba. Tun da likitocin ba su da yawa, dole aikin ya zama na taron dangi: ga likita, ga mai taimaka masa, ga mai tsabtace kayan aiki, ga mai rubuta sunaye da amsar kuɗi. Idan ɗaya ya yi sakaci, marar lafiya ne zai ji a jikinsa.

Awon da ya fi sauƙi shi ne a ƙidaya jika nawa suka shigo da haƙora nawa aka cire. Sai dai wannan awo yana da haɗari. Cire haƙori ya fi sauri a kan share kogo a cike shi, saboda haka idan da yawan cirewa ake yaba ma ma'aikata, haƙorin da ke iya gyaruwa ma sai ya tafi. Babban mutum kuwa haƙora 32 ke gare shi, wanda aka cire ba ya sake tsirowa.

Tun a shekarar 1966 wani malamin jami'ar Mishigan ta Amurka mai suna Abedis Donabediyan ya kasa awon aikin asibiti gida uku: kayan da ake da su, yadda ake gudanar da aikin, da abin da marar lafiya ya samu a ƙarshe. Har yau da wannan tsari ake amfani a ƙasashe da dama.

Ta fannin kaya, abu na farko shi ne tukunyar tururi da ake kira otokilab. Tafasa ƙarafa cikin ruwa ba ya wuce digiri 100, kuma bai isa ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta ba. Ita wannan tukunya tana kai digiri 134, a ƙa'idar Faransa kuma ana barin kayan minti 18 a ciki. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B na iya kwana 7 da ranta a jikin ƙarfen da jini ya taɓa, shi ya sa ake son mai tsabtace kaya ya riƙa rubuta kowace ɗorawa a littafi, da rana da lokaci.

Ta fannin gudanar da aiki, ana duba tsawon jira, da ko an faɗi farashi kafin a fara, da ko an ba da resi. Mai sayar da tumatir da ta bar rumfarta tun safe har azahar ta biya sau biyu ke nan, kuɗin magani da cinikin da ya wuce ta. Ana kuma duba randebu: a misali, idan mutum 20 aka ce su dawo, 8 kawai suka dawo, ya kamata a zauna a bincika, ko bayani ne bai fita ba, ko tsada ce, ko kuwa rashin sakin fuska.

Ta fannin sakamako, tambayoyin su ne: haƙora nawa aka ceto? Ciko nawa ya faɗi kafin shekara? Mutum nawa suka dawo da zogi bayan cirewa? Wannan zogi yakan taso kwana 2 zuwa 4 idan gudan jinin da ya toshe ramin ya fita, sau da yawa saboda kurkure baki da ƙarfi a ranar farko ko shan taba. Ke nan gargaɗin minti biyu da mataimaki zai yi yana cikin magani.

Akwai kuma aikin da ba ya kawo ko dala, kamar leƙa bakin yaron da uwa ta zo da shi. Cutar nan mai cin fuskar yara da likitoci ke kira noma, wadda ƙungiyar Sentinelles ke kula da masu ita a Damagaram, daga kumburin dasashi take farawa, kuma idan aka gano ta da wuri tana jin magani.

Masu karatu, ku ma kuna da tiyarku. Ku lura ko a gabanku aka buɗe kayan aiki, ko an canza safar hannu, ko an gaya muku wata hanya ban da cirewa. Idan ba a gaya muku ba, ku tambaya, domin kuɗinku ne kuma bakinku ne. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba da kasuwa mai albarka.