Abin da ya kamata a bincika kafin sayen tsohon jirgin ruwan tsere domin gyarawa

A kasuwannin jiragen ruwa na Amurka, musamman a jihar Florida, ba wuya mutum ya ci karo da jirgin tseren teku na shekarun 1970 ko 1980, mai tsawon ƙafa 30 ko fiye, an sa masa farashin da bai wuce na tsohuwar mota ba. Wani ma kyauta ake bayar da shi, muddin mai so zai zo da tirela ya ɗauke shi daga harabar gida.

Wannan araha ce ke jan masu sha'awar gyara tsofaffin jirage, kuma ita ce ke jefa da yawansu cikin asara. Kuɗin sayen irin wannan jirgi shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da za a kashe a kansa. Abin da ke raba wanda ya ci riba da wanda ya sayi wahala shi ne binciken da ya yi kafin ya biya: yadda jirgin yake a ranar da ya bar masana'anta, da kuma abin da shekaru 40 ko 50 suka mayar da shi.

Daga ina jiragen suka samo asali?

A 1960 ne wani jirgin katako mai tsawon ƙafa 31, mai suna Moppie, ya lashe tseren da ake yi daga Miami zuwa Nassau da ke tsibiran Bahamas, a ranar da teku ta yi matuƙar hargitsi. Mai shi Dick Bertram ne, wanda ya zana shi kuma C. Raymond Hunt. Sirrin jirgin yana ƙarƙashinsa. Maimakon ƙasan ya baje kamar faranti daga baya, kamar yadda aka saba a lokacin, Hunt ya yi shi da siffar harafin V tun daga goshi har bangon baya, da karkatar kusan digiri 24. Irin wannan ƙasa tana yanka igiyar ruwa maimakon ta riƙa dukanta.

Daga siffar Moppie aka fara ƙera Bertram 31 da faiba, wato zaren gilashi da ake jiƙawa da wani irin gam har ya daskare ya yi tauri. Ba a jima ba sauran kamfanoni suka bi sahu.

Wanda ya fi kowa suna a cikinsu shi ne Don Aronow, wanda ya yi arziki a harkar gine-gine a New Jersey kafin ya koma Miami. A kan titi guda, mai lamba 188 a arewa maso gabashin birnin, ya kafa Formula da Donzi da Magnum da Cigarette ɗaya bayan ɗaya, yana sayar da wannan ya buɗe wancan. Ya zama zakaran duniya a tseren teku a 1967 da 1969. George H. W. Bush ya mallaki jirgin Cigarette da ya raɗa wa suna Fidelity, masu fasa-ƙwaurin hodar iblis ma sun so jiragen saboda gudunsu. A kan wannan titi ne aka harbe Aronow har lahira a ranar 3 ga Fabrairun 1987.

Wannan tarihi yana da nasaba kai-tsaye da mai saye na yau. Kamfanonin sun sha sauya hannu, takardunsu sun warwatsu, kuma suna guda yana iya kasancewa a jikin jirage masu bambancin inganci ƙwarai, gwargwadon shekarar da aka ƙera su da wanda ke riƙe da kamfanin a lokacin.

Jirgin shi ne abin da aka ce shi ne?

Tambaya ce da ke kama da ta raini, amma da ita ake farawa. A zamanin da ake ƙera waɗannan jirage, kwaikwayo ya zama ruwan dare. Ƙaramin kamfani zai samo jirgin da ya yi suna, ya kife shi, ya zuba faiba a kansa ya fitar da mazubi, sannan ya riƙa ƙera nasa. Formula 233 na cikin waɗanda aka fi yi wa haka. Jihar Florida ta yi dokar hana wannan dabara, sai dai Kotun Ƙolin Amurka ta soke ta a 1989, a shari'ar da aka yi tsakanin kamfanonin Bonito Boats da Thunder Craft Boats. Sai a 1998 majalisar dokokin ƙasar ta samar da dokar kare siffar gangar jikin jirage. Ke nan akwai jirage masu yawa da ke da kamannin na asali ba tare da ƙarfinsu ba, liƙa suna a gefen jirgi kuwa aikin awa guda ne.

Abin da ke warware wannan shi ne lambar gangar jiki, wadda ake kira HIN. Tun daga ranar 1 ga Nuwamban 1972 doka ta wajabta wa duk jirgin shaƙatawa da aka ƙera a Amurka ko aka shigar da shi ƙasar ya ɗauki lamba mai haruffa da alƙaluma 12, a saman bangon baya ta ɓangaren dama. Uku na farko suna nuna kamfani, kuma rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka tana da rumbun bayanai a intanet inda kowa zai iya duba su. Biyar na tsakiya lambar jirgin ce, huɗun ƙarshe kuma kwanan wata.

A huɗun ƙarshen nan ake yawan tafka kuskure, domin an sauya tsarin rubuta su a watan Agustan 1984. A ɗaya daga cikin tsofaffin tsare-tsaren, harafin A na nufin Agusta, saboda daga nan shekarar samfuri ke farawa. A sabon tsarin, A na nufin Janairu. Haka kuma daga 1984 ne aka wajabta buga lambar a karo na biyu a wani ɓoyayyen wuri cikin jirgin. Idan an taɓa sake bangon baya, mai yiwuwa lambar fili ta tafi da tsohon bangon, sai a nemi ta ɓoye a kwatanta ta da takardu.

Jirgin da ya girmi 1972 ba shi da wannan lamba. Nan sai a koma ga tsofaffin ƙasidun talla, da mujallun jiragen ruwa na lokacin, da ƙungiyoyin masu irin jirgin, waɗanda galibi suna riƙe da rajistar lambobin masana'anta. Sai kuma a ɗauki abin awo. Tsawo da faɗi da karkatar ƙasa ba sa sauyawa da fenti.

Takardar mallaka ma abin dubawa ce. Wasu jihohin Amurka ba sa bayar da ita ga jiragen ruwa. Idan jirgin yana da rajistar tarayya, ana iya neman tarihin mallakarsa daga rundunar tsaron gaɓar teku, wanda zai nuna ko an jinginar da shi.

Katakon da ido ba ya gani

Yawancin mutane suna ɗauka cewa jirgin faiba ba ya ruɓewa. Faibar kanta tana daɗewa, amma a cikinta akwai katako. Bangon baya, wanda ke ɗauke da dukkan ƙarfin inji, yawanci falankin filawud ne mai kauri da aka lulluɓe da faiba ciki da waje. Dogayen ginshiƙan da ke bin ƙasan jirgin daga baya zuwa gaba, waɗanda injuna ke zaune a kansu, su ma katako ne. A wasu samfuran an saka katakon balsa mara nauyi a tsakiyar daɓen sama, a wasu har a gefuna da ƙasa.

Kowane rami da aka huda a cikin shekaru 40, na noti ko na waya ko na na'urar auna zurfi, ƙofa ce ga ruwa. Da zarar ya shiga ba shi da mafita. Katakon yakan koma kamar dusa, alhali daga waje fenti na ta ƙyalli.

Dalilin da ya sa sanin ainihin tsarin ƙirar ke da muhimmanci ke nan. Wanda ya san cewa samfurin da yake so yana da balsa a ƙasa ya san inda zai sa a bincika, ya kuma san cewa idan ruwa ya shiga nan aikin ya fi ƙarfin gyaran bayan gida. Masu binciken jirage suna ƙwanƙwasa gangar jiki da ƙaramar guduma suna sauraro: wuri mai lafiya yana bayar da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuma sai a ji shi dum. Suna amfani da na'urar auna danshi, kuma idan mai sayarwa ya yarda, sukan huda ƙaramin rami daga ciki su duba garin katakon da ya fito. Mai sayarwar da ya ƙi amincewa da huda rami mai faɗin fensir a jirgin da ya ce lafiyarsa ƙalau ya riga ya ba da amsa.

Akwai wata hanya mai sauƙi da mutane kan manta: ɗora jirgin a kan sikelin manyan motoci, a cire nauyin tirela da na mai. Soson da aka cika ƙarƙashin daɓe da shi yana shan ruwa, kuma jirgin da ya zarce nauyinsa na ƙasida da ɗaruruwan kilo yana ɗauke da wani abu. Sai dai alƙaluman ƙasidun talla na wancan zamani ba duka ne abin dogaro ba, don haka ya fi a kwatanta da nauyin da wasu masu irin jirgin suka auna da kansu.

Ana kuma ɗora doguwar sanda miƙaƙƙiya a ƙasan jirgin kusa da baya. Jirgin da ya yi shekaru a kan tirelar da ba ta dace da shi ba yakan lotsa a nan, kuma ƙaramin lotsawa yana iya sa shi tangal-tangal idan ya ɗauki gudu.

A Birtaniya labarin ya ɗan bambanta. Jiragen Fairey Huntsman, waɗanda suka yi fice a tseren Cowes zuwa Torquay da aka fara a 1961, da katako aka yi su gaba ɗaya: siraran yankan itacen agba, wanda ke fitowa a dazuzzukan kudancin Najeriya da Afirka ta Tsakiya, aka jera aka manne aka gasa a babban tanderu. Gangar jikin tana da juriya mai ban mamaki. Daɓe da ɗakin sama ne ruɓa ta fi kamawa.

Inji da tanki

Yawancin jiragen Amurka na wannan zamani suna da injin fetur biyu, sau da yawa samfurin Chevrolet mai lita 7.4 da kamfanin MerCruiser ya mayar na ruwa. Kayan gyaransa suna nan birjik, kuma shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin sauyawa. Abin lura shi ne bututun hayaƙi, waɗanda ruwan gishiri ke ci daga ciki har ya tsiyaya cikin silinda.

Wanda ya fi wuya shi ne wutsiyar inji, wato sashen da ke rataye a bayan jirgin yana ɗauke da farfela. Jirage da yawa na kafin ƙarshen shekarun 1980 suna da samfurin TRS, wanda ke buƙatar akwatin giya na daban tsakaninsa da inji, kuma kayansa sun yi ƙaranci. Mai son komawa ga samfurin Bravo da ya gaje shi dole ya toshe tsohon ramin bangon baya ya yanka sabo, kuma sau da yawa ya matsar da injunan. Matsar da su kuwa yana sauya ma'aunin nauyin jirgin da yadda yake tafiya a kan ruwa. Saboda haka masu gyara ke neman sanin ainihin tsayin da masana'anta ta ɗaura wutsiyar tun farko, domin bambancin inci guda yana shafar gudu da riƙon ruwa.

Tankin mai kuwa batun rai ne. Tankunan alminiyum da aka binne cikin soso suna cinyewa a inda danshi ya maƙale, kuma ba a isa gare su sai an yanke daɓe. Tsofaffin tankunan faiba, irin waɗanda ke cikin Bertram 31 mai amfani da fetur, suna narkewa idan aka zuba musu fetur mai kashi 10 cikin 100 na etanol, wanda shi ne aka fi sayarwa a gidajen man Amurka. Tururin fetur ya fi iska nauyi, don haka yakan kwanta a ƙasan jirgi yana jiran tartsatsi. Shi ya sa ake kunna fankar fitar da iska na aƙalla minti huɗu kafin a tayar da inji.

Batun shan mai ma yana da lissafi. Ƙiyasin da makanikai ke amfani da shi shi ne galan guda a awa ga kowane ƙarfin doki goma idan an take inji har ƙarshe. Injuna biyu masu ƙarfin doki 400 kowanne za su sha galan 80 ke nan, wato lita 300 da ɗoriya, cikin awa ɗaya.

Idan za a fitar da shi daga Amurka

Faɗin jirgin shi ke nuna yadda za a ɗauke shi. A mafi yawan jihohin Amurka, kayan da ya wuce faɗin ƙafa takwas da rabi yana buƙatar izini na musamman a kan titi. Jiragen Cigarette da yawa faɗinsu ƙafa takwas ne, Bertram 31 kuwa ya haura ƙafa 11.

Mai shigar da tsohon jirgi Tarayyar Turai a karon farko zai tarar da dokar jiragen shaƙatawa, wadda tun 1998 ta wajabta alamar CE. Sassaucin da ta yi wa jiragen tarihi ya tsaya ne ga waɗanda aka zana kafin 1950, ke nan jirgin 1978 sai an yi masa gwajin cancanta, har da na hayaƙi da ƙarar inji, wanda tsohon injin fetur zai sha wuya kafin ya tsallake.

Kamfanonin inshora da dama ba sa karɓar tsohon jirgi mai gudu sai da rahoton mai bincike mai rajista, wasu kuma sukan tambayi ƙwarewar matuƙin. A Amurka ana samun irin waɗannan masu bincike ta ƙungiyoyin SAMS da NAMS. Mai saye ne ya kamata ya zaɓi nasa ya kuma biya shi, ya rubuta a yarjejeniya cewa cinikin ya dogara da sakamakon binciken, kuma za a mayar masa da kuɗin kafin alƙalami idan rahoton ya nuna ruɓa a bangon baya ko a ginshiƙan da ke ɗauke da injuna.