Sahihi da Batili Game da Neman Gurbi da Wuri a Jami'o'in Amurka

Daga cikin hanyoyin da jami'o'in Amurka ke karɓar ɗalibai akwai wadda suke kira Early Decision, wato ɗalibi ya zaɓi jami'a ɗaya tak ya miƙa mata takardunsa tun farkon Nuwamba, shi da waliyyinsa da malamin da ke ba shi shawara su sa hannu bisa sharaɗin cewa in an karɓe shi a tsakiyar Disamba, wajibi ne ya janye neman da ya yi a sauran wurare. Da yake jita-jita ta yawaita a kan wannan mas'ala, ya kamata a tace ta.

Ana cewa wanda ya saɓa, kotu za a kai shi. Wannan batili ne, domin alkawarin na amana ne, ba na shari'a ba, kuma wanda tallafin kuɗin da aka ba shi bai ishe shi ba yana da uzuri karɓaɓɓe. Amma wanda ya warware babu hujja, yana iya rasa gurbin nan da na wasu wuraren, ya kuma zubar da mutuncin makarantarsu.

Ana kuma cewa duk manyan jami'o'i haka suke ɗaure mutum, alhali kuwa Harvard da Yale da Princeton da Stanford ba su lizimta wa wanda suka karɓa da wuri ya zo. Columbia da Brown da Cornell da Dartmouth suna cikin masu lizimtawa.

Batun cewa an fi samun karɓuwa a wannan zango, gaskiya ne a zahiri, sai dai cikin waɗanda ake ƙirgawa har da 'yan wasannin da jami'a ta riga ta zaɓa, da 'ya'yan tsofaffin ɗalibanta.

Wanda ya tabbata babu shubuha shi ne zancen kuɗi. Mai neman gurbi a zangon gama-gari yana da damar jera tayin jami'o'i ya auna har 1 ga Mayu, shi kuwa wanda ya ɗaure kansa tayi ɗaya gare shi. Don haka ne ma Harvard, a 2006, ta sanar da soke karɓar ɗalibai da wuri bisa hujjar cewa tana fifita masu hali, kafin ta maido da ita a 2011. Alkawari kaya ne, saboda haka kada uba ya sa hannu sai ya lissafa kuɗin makaranta da masauki da abinci na shekara huɗu, ya tabbata aljihunsa zai ɗauka.